Fim ɗin da Zorana Ta Ƙi Sa wa Kiɗa

Ranar da sakamakon jarrabawar fita ya zo, ni na raba wa ɗalibaina takardun sharhi da hannuna, kamar yadda na saba kowace shekara. Sunana Borka, ina koyar da aikin fim da rediyo a sakandaren koyon sana'a ta garinmu, can cikin duwatsun arewacin Montenegro, kuma a cikin ayyukana duka babu wanda na tsana kamar wannan. Yaro ya shafe watanni yana ɗauka yana tacewa, sai wasu da ba su san ko sunan ubansa ba su zo daga Podgorica, babban birnin ƙasar, su kalli abin sau ɗaya suna kurɓar gahawa, su rubuta 'yan layuka su kama hanya. Ni kuma a bar ni da zama da yaran, wai mu yi nazarin abin da aka ce, mu ɗauki darasi.

"Malama, ni cewa suka yi kyamarata tana rawa," in ji Vukota daga can bayan aji. "To a kan babur na ɗauka, so suke ta yi barci?"

"So suke ka sauko daga babur ɗin, sakarai. Nawa suka ba ka?"

"Uku."

"Ka je coci ka kunna musu kyandir. Da ni ce, biyu za ka gani, shi ma don darajar kakarka."

Aji ya kwashe da dariya, ban da mutum ɗaya. Zorana tana zaune kusa da taga cikin baƙaƙen kayanta, ta kife takardarta a kan tebur ta ɗora tafin hannu a kai. Na riga na san abin da ke ciki, don na karanta tun da safe a ofis har sai da na yi ashar a gaban shugaban makaranta. Ɗaya suka ba ta. A wurinmu biyar ce ƙoli, ɗaya kuwa faɗuwa ce. Yarinyar da ta fi kowa ido a duk waɗanda na koyar, yarinyar da kwalejin fim ta riga ta ware wa gurbi, da sharaɗin ta kai shaidar kammalawa kafin watan Satumba.

Da aka tashi na ce ta tsaya. Na ce ta karanta mini da bakinta, don haka nake sa kowa ya yi. Ta juya takardar, ta karanta ba tare da muryarta ta yi rawa ba:

"An iya riƙe kyamara, an iya haske. Amma babu kiɗa ko kaɗan, alhali haɗa kiɗa da hoto sharaɗi ne na cin wannan jarrabawa. Rabin fim ɗin shiru ne marar dalili. Ɗalibar ta ɓuya a bayan kyamara, ba mu ji abin da take ji ba. Ta gyara, ta sake kawowa a watan Agusta."

Ta ajiye. Ta ce, "Marar dalili, Malama."

Fim ɗin a kan mahaifinta ne, Milutin maƙeri. Rabin gidajen garin nan da murhun da ya ƙera suke ɗumama ɗaki, har da nawa. Tun lokacin sanyi ta fara ɗaukarsa yana aiki, yana mita wai tana tsaya masa a haske. Cikin watan Afrilu ya faɗi a bakin maƙerar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Zorana ba ta canza fim ba. Rabin farko ga mutum yana dukan ƙarfe, rabin ƙarshe ga maƙera babu kowa, guduma a inda ya ajiye ta, rigarsa a rataye a ƙusa. Ni na kalle shi na kasa cin abincin rana.

Kiɗa kuwa, wa zai tambaya? Gidan da aka yi rasuwa ba a kunna rediyo, ba a zuwa biki, ba a ko yin fito da baki har sai shekara ta zagayo. Balle a ɗora kiɗa a kan fuskar mamacin kansa, sannan a haska a zauren makaranta kowa da kowa na gari yana kallo, kamar yadda muke yi da finafinan 'yan ajin ƙarshe. Na rubuta wa kwamitin bayani tun kafin jarrabawa. Ina jin a ƙarƙashin kofin gahawa suka sa shi.

A gabanta na kira shugaban kwamitin a waya, wani mai suna Predrag, ɗan birni mai gyale a wuya ko da rani.

"Malama Borka, ina tausaya wa yarinyar," in ji shi. "Amma ka'ida ka'ida ce. Ni ma na rasa mahaifina, kuma washegari na koma aiki."

"Allah ya ji ƙansa. Kai ka ɗora masa ganga a kan hotonsa?"

"Wa ya ce ganga? Ta sa wani abu mai sanyi, mai taushi. Ba wanda zai ce ta yi rawa."

"Kai ba za ka ce ba, don ba a nan za ka sayi burodi gobe ba."

"To ta zaɓa," ya ce. "Mu fim muke dubawa, ba al'ada ba." Ya kashe wayarsa.

Na ce wa Zorana bari in je in ga mahaifiyarta, Stanka. Ni da Stanka benci ɗaya muka zauna a firamare, ita ta yi aure ni na tafi karatu, kuma har gobe in mun haɗu sai ta tambaye ni ko na koyi dafa wake. Na same ta a kicin, an lulluɓe talabijin da baƙin ƙyalle. Ta dafa mini gahawa, ta zuba mini giyar gida a ɗan ƙaramin kofi don in sha da sunan mamaci. Na bi ta da lallashi, abin da ban iya ba. Na ce kiɗan ba na nishaɗi ba ne, aikin makaranta ne, kamar lissafi.

"Borka," ta ce, "ke da karatunki, ni da mijina. Ciyawa ba ta fito a kan kabarinsa ba. Dangin Milutin suna nan sun zuba ido su ga inda zan yi tuntuɓe, su ce dama ga irin matar da ya aura. Ranar da aka ji kiɗa a kan fuskarsa, yarinyar nan ta nemi wata uwar."

"To ta rasa gurbin ke nan."

"Gurbi ba ya mutuwa. Baɗi ma shekara ce."

"Baɗi ba za su ajiye mata ba, Stanka."

Ta tashi ta hau goge murhu, murhun da babu ko ɗigon datti a kansa. Na gane an sallame ni. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin mai gyale, ina jin haushin Milutin ma da bai jira watan Yuli ba.

Makonni suka wuce ban ji ɗuriyar Zorana ba. Na san dai ta zo ta ari ƙaramar na'urar naɗar murya ta makaranta, wadda ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Na ɗauka ƙarar iska ko ta ruwa za ta naɗo ta gwada sa'a, har na fara shirya yadda zan yi wa Predrag gardama in ce ai kogi ma makaɗi ne.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe karɓar gyara, ta same ni a ɗakin tace finafinai da rana tsaka. Makaranta babu kowa, zafi kamar a gasa burodi. Ta rame, amma idanunta suna ƙyalli irin na wanda ya tsinci abu.

"Malama, na samu," ta ce. "Na yi ta karanta sharhin nan har na haddace. Kiɗa suke so, kuma suna so su ji abin da ake ji. Ga shi, kuma ban karya makoki ba."

Ta kunna. Rabin farko yana nan yadda yake. Da aka zo maƙera babu kowa, sai wata murya ta taso a hankali, muryar mace, tana jan kowace magana tana sauke ta da shessheka. Kukan kabari ne, irin wanda matanmu suke rerawa a kan mamaci. Yana da amo, yana da hawa da sauka, amma babu wanda zai kira shi waƙa a garin nan, kuka ne, kuma shi kaɗai aka yarda a ji daga gidan makoki. Stanka kuwa tun tana budurwa aka san ta da shi. Ranar jana'izar Milutin sai da ta sa maza masu gashin baki suka juya baya suna ɓoye hawaye.

Amma wannan ba irin na jana'iza ba ne. A gaban mutane ana ambaton zuriyar mamaci da kirkinsa da baƙin da ya ciyar. Wannan kuwa magana ce tsakanin mata da miji.

"Milutin, ka ce za ka gyara rufin kafin damina, ga shi yana zuba.
Na saƙa maka safa ban gama ba, ƙafar wa zan auna?
Gefenka na gado ya yi sanyi, na sa bargo biyu bai ji ba.
Ka bar ni da yarinya mai kallon hanya.
In ta tafi, Milutin, wa zan kira ya zo ya ci abinci?"

A daidai wannan layin na ƙarshe Zorana ta sa hoton ƙofar maƙera a buɗe, haske yana shigowa. Ban taɓa ganin ɗalibi ya haɗa murya da hoto haka ba, kuma na san ko mai gyale sai ya ajiye kofinsa. Na kashe.

"Ta san kin naɗa?"

Zorana ta kalli allon kwamfuta. "Duk Asabar muna zuwa makabarta. In mun isa sai ta aike ni ɗebo ruwan furanni a famfon bakin ƙofa, ta ce kada in yi sauri. Sai na bar na'urar a cikin kwandon kyandir, ƙarƙashin ƙyalle."

"Tambayarki na yi ko ta sani."

"Malama, ba za ta taɓa gani ba. Ba za ta zo zauren makaranta ba, tana makoki."

"Matar kawunki za ta zo. Mai sayar da burodi za ta zo. Kafin ki kai gida an kai mata labarin safa da bargo."

"To a kai wa kwamiti kawai, kada a haska."

"Zorana, me na koya muku ranar farko, tun kafin ku taɓa kyamara?"

Ta faɗa ciki-ciki. "Ba a sa muryar mutum sai ya ji, ya yarda."

"To. Ni zan sa hannu in ce aikin nan ya bi ka'ida. Ba zan sa ba sai mai muryar ta ji da kunnenta."

Nan ta fashe. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. "Kowa da ka'idarsa! Su da tasu, Mama da tata, ke da taki! Ni ce kawai ba ni da ko ɗaya, ni ce ƙwallon da kuke bugawa! Kin san za ta ce a'a. Kin fi kowa sanin abin da ke jirana in na zauna, in yi ta wanke zanen gado a otal ɗin bakin teku kamar 'ya'yan gwaggona!"

Gaskiya ta faɗa, kuma ta ba ni tausayi har cikin raina. Amma na ce mata ta ɗauko kwamfutar mu tafi, tun gwiwata ba ta yi sanyi ba.

Mun sami Stanka tana yanka barkono za ta gasa na ajiyar sanyi. Ta ga kwamfuta a hannun 'yarta, ta gan ni, ta goge hannu a gaban riga.

"In kiɗa kuka kawo mini gida, ku koma da shi tun daga nan."

"Ba kiɗa ba ne," na ce. "Zauna ki ji. In kin ce a'a, an gama, ba mai sake tayar da maganar."

Ta zauna a bakin kujera. Da Milutin ya bayyana yana dukan ƙarfe, ta kai hannu ta taɓa gefen allon, ta ce, "Dubi rigar da na hana shi sawa." Sai maƙera ta koma babu kowa, muryar ta taso. Stanka ta karkata kai. Wanda bai taɓa jin muryarsa a na'ura ba, ba ya gane ta da farko.

"Wayyo, baiwar Allah," ta ce. "Wace ce wannan? Wa ta rasa?"

Aka zo maganar rufi. Na ga wuyanta ya yi ja, jan ya hau har kunnuwa. Aka zo safa, aka zo bargo. Ta sa hannu ta kama bakin tebur. Ba ta ce a kashe ba, ta saurara har ƙarshe, har wurin yarinya mai kallon hanya, har allon ya yi baƙi. Barkonon da ke kan murhu ya fara ƙauri, ni na tashi na sauke.

"Ruwan furanni," in ji Stanka a hankali. "Ina cewa kada ki yi sauri, ashe kin bar kunnenki a kwando."

"Mama, ba kiɗa ba ne. Ban karya komai ba. Ko limamin coci kika tambaya..."

"Kin ji abin da na ce a ƙarshe?"

"Na ji."

"Sau nawa?"

"Mama, tacewa ake yi, dole a yi ta maimaitawa."

"Kin yi ta maimaitawa. Kin ji uwarki tana gaya wa ƙasa abin da ta kasa gaya miki, kuma kika ɗauka kika sa a abin da zai fitar da ke daga gidan nan."

Da Zorana ta yi kuka a lokacin, ko ta durƙusa, ina jin da abin ya zo da sauƙi. Amma yarinyar ta yi makonni ba ta ganin komai sai fim, sai ta ba da amsar da mai tace fim zai bayar.

"Nan ne wurin da ya fi kyau, Mama."

Na runtse ido. Na so in ɗauke ta da mari, na kuma san a ajina ta koyi jin abu ta wannan hanyar.

Stanka ta daɗe tana kallonta, kamar yadda ake kallon baƙon da ya shigo ba sallama. Sannan ta juyo gare ni.

"Borka, ke ba kya ƙarya, shi ya sa ba ki da ƙawaye. In na ce a'a, me zai faru?"

"Ta faɗi. Gurbin ya tafi."

"In na ce e?"

"Za ta ci. Ina jin ma da biyar."

"Ta tafi ke nan."

"Ta tafi."

"Mutanen Podgorica za su ji ni ina maganar gado."

"Su kaɗai. Ba zan bari a haska a gari ba, ko shugaban makaranta zai yi tsalle ya dire."

Ta ɗauki wuƙarta ta jawo wani barkono. Ta yanka shi biyu, ta kankare 'ya'yan da babban yatsa.

"Ku kai musu," ta ce. "An riga an ɗauka, me ya rage? Na ba ta. Ki rubuta cewa na ba ta."

Zorana ta taso za ta rungume ta. Stanka ta ɗaga gwiwar hannu, ta ce ta kula, akwai wuƙa.

Biyar suka ba ta. Predrag da kansa ya kira ni, yana tambaya a ina muka samo wannan mawaƙiyar, ko tana da wasu waƙoƙin. Na ce masa tana da miji ɗaya ne kawai, na kashe. A takardar sharhi suka rubuta cewa an zaɓi kiɗan da ya dace ƙwarai, ɗalibar ta fito daga maɓoyarta, ta ɗauki gyara yadda ake so kowane ɗalibi ya ɗauka. Zorana ta karanta mini da bakinta a ɗakin tacewa, kamar wancan karon. Ta yi murmushi, ni ma na yi, don abin murna ne. Cikin Satumba Stanka ta cika mata jaka da cuku da zuma da gasasshen barkono, ta raka ta tashar mota, ta gyara mata wuyan riga. Duk wanda ya gan su zai ce lafiya lau.

A watan Oktoba aka yi addu'ar rabin shekara. Na je, don Milutin ya fi ƙarfin in aika da uzuri. Zorana ta zo a motar safe, da baƙaƙen kayanta da sabon askin 'yan kwaleji. Dangi sun cika makabarta, an shimfiɗa ƙyalle a kan benci, ga dafaffiyar alkama ta sadakar mamaci ga giya. Limamin coci ya gama nasa, ya ja da baya. Kowa ya san abin da ke biye. Mata suka matso, wasu har sun fara fito da hankici, don ba kullum ake samun jin Stanka ba.

Ta durƙusa a gefen kabarin, ta ajiye kwandonta. Ta kunna kyandir ta kafa a ƙasa. Ta buɗe baki, ta ja numfashi. Sai na ga idonta ya sauka a kan kwandon. Ta kai hannu ta ɗaga ƙyallen, ta leƙa, ta mayar. Ba wanda ya gane abin da ta yi sai mu biyu.

Zorana ta durƙusa kusa da ita. Ina tsaye dab da su, na ji abin da ta raɗa mata.

"Mama, babu komai a ciki. Na rantse da kabarin Baba, babu komai."

"Na sani," in ji Stanka.

Ta sake jan numfashi. Muka jira. Iska tana kaɗa wutar kyandir, wani jariri ya yi ɗan kuka a baya aka rarrashe shi. Leɓunanta suka motsa sau ɗaya, babu abin da ya fito. Yayar Milutin ta yi gyaran murya, ta kalli ta kusa da ita. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba, na dai san ƙafafuna sun fara ciwo. Daga ƙarshe Stanka ta dafa dutsen kabarin ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta.

"Ku zo ku ci alkama," ta ce.

A wurin cin, matar da ke share makabartar ta ja ni gefe. Ta ce ai tun rani haka Stanka take. Duk Asabar tana zuwa, ita kaɗai, ta cire ciyawa, ta zuba ruwa, ta zauna. Da can har bakin ƙofa ana jiyo ta. Yanzu ko tari ba ta yi.

Na sha juya abin nan a raina. Da na sa hannu ban kai mata ba, da wataƙila har yau tana da wurin da take magana da mijinta, ba ta san an saurare ta ba. Amma da wata rana sai ta ji a bakin wani, kuma ni ba na koya wa yara sata. Ban ce na yi kuskure ba, ba zan kuma ce ba. Sai dai barcina bai ƙaru da hakan ba.

Da yamma na raka Zorana tasha, don Stanka tana fama da baƙi. Muka tsaya a ƙarƙashin rumfa. Ta zuge jakarta ta fito da takardun sharhin nan guda biyu, ta ɗaya da ta biyar, duk sun yi laushi saboda ninkewa. Ta farkon ta buɗe. Ta sa yatsa a kan layin da ya ce shiru ne marar dalili, ta daɗe a wurin.

"Malama," ta ce, "kin ce duk sharhi yana nuna wa mutum inda zai gyara. Na gyara musu. To na yau fa? Ta ina ake kama shi?"

Motar ta shigo tana huci, direba ya leƙo yana cewa masu tafiya su yi sauri.

"Zan dawo Asabar," in ji Zorana. "Zan je ɗebo ruwan, in daɗe. Ko in ƙi shiga ma gaba ɗaya, in tsaya a waje ta gan ni daga nesa."

"Gwada," na ce.

Ta hau. Asabar ɗin Zorana ta zo kamar yadda ta ce, da wadda ta biyo baya. Mai shara ta ce tana ganinta a bakin famfo, bokiti ya cika yana zuba, ta juya wa kaburbura baya, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu don uwar ta gani. Can ciki kuma Stanka tana cire ciyawa kawai.